Farautar ragon dutse: gardamar bindiga da harsashi

A duwatsun Abzin, tun daga Bagzan har zuwa Tamgak, da can gabas a dutsen Termit, akwai wani naman daji wanda mutanen Maraɗi da Damagaram suka fi sani da jin labari bisa ga gani da ido. Hausawa na kiransa ragon dutse, Faransawa kuwa « mouflon à manchettes », saboda dogon gashin da ya sauko masa daga maƙogwaro, ya rufe ƙirji, ya kai ƙafafun gaba. Launinsa launin dutsen da yake tsaye a kai, har mutum kan zuba masa ido bai gan shi ba sai ya motsa. Ƙahonsa ya lanƙwasa baya kamar lauje, babban namiji yakan haura kilo 100, kuma yana iya daɗewa bai sa baki a ruwa ba, ganye da raɓa sun ishe shi.

Yana da dangi a manyan duwatsun duniya. A tsaunukan Alp na Turai akwai bunsurun dutse mai dogon ƙaho da wata ƙaramar akuya da Faransawa ke kira shamwa (ba shamuwar da ke zuwa da damina ba), wadda ba ta cika wuce kilo 50 ba. A yammacin Amurka da Kanada akwai rago mai kaurin ƙaho da farar akuyar ƙanƙara. A tsakiyar Asiya akwai argali, babban tumakin daji duka, wanda kan kai kilo 180, da markor na Pakistan mai ƙaho a murɗe. Maharban waɗannan ƙasashe sun shafe shekara ɗari suna gardama a kan tambaya guda: wace bindiga da wane harsashi suka dace da wannan farauta? Gardamar ta shafi Nijar, domin amsar da suka kai gare ta tana bayyana dalilin da ya sa bindigogi biyun da suka fi yawa a hannun jama'a a Sahel, mai baki 12 da kalashnikof, suke ɓarna fiye da abin da suke kawowa gida.

Abin da dutse ke nema

Bambancin farautar dutse da ta fili yana ga abin da ke biyo bayan harbi. Barewar da aka raunata a faƙo tana barin sawu da jini, a bi ta har a same ta. Ragon da aka raunata a gefen tsauni kuwa ɗayan biyu ne: ko ya haye inda ɗan Adam ba ya iya hawa, ya mutu can bayan kwana biyu, ungulaye su raba, ko ya gangaro daga tsayin meta ɗari, nama ya dagargaje, ƙaho ya karye. Ga maharbi Musulmi akwai ƙarin nauyi, tun da Suratul Ma'ida ta lissafa dabbar da faɗowa daga bisa ta kashe cikin abin da aka haramta ci, kuma malaman Malikiyya sun yi bayanin cewa naman da aka harba ya gangaro ba ya halatta sai in harbin ne ya riga ya huda makasa. Saboda haka harsashin farko shi ne duka maganar. Ana son ya shiga huhu da zuciya, wurin da bai fi faɗin faifai ba, santimeta 20 zuwa 25, dabba ta faɗi kusa da inda take tsaye.

Wahalar ita ce ba a samun kusanta. Waɗannan dabbobi idonsu ya fi na mutum nesa ba kusa ba, kuma sun saba tsayawa a bisa suna duban ƙasa. Maharbi kan yi sa'o'i yana hawa, kowa ya ci zomo ya ci gudu, sa'an nan ya tarar kwazazzabo ya raba shi da ragon, tazarar meta 200 ko 300, babu hanyar ƙarawa gaba. A wannan nisa harsashi ba ya tafiya a miƙe. Tun daga lokacin da ya bar bakin bindiga ƙasa take jansa. Harsashi mai gudu ƙwarai, wanda aka daidaita saitinsa a meta 200, yakan sauka kamar taƙi guda in ya kai meta 300, a meta 400 kuwa ya zarce kamu. Wanda ya ɗauki meta 350 a matsayin 250 ya harbi ƙafa ko dutse.

Sai iska. Iskar da ke kaɗa ganye kawai, mai gudun kilometa 16 a awa, in ta bugo daga gefe tana iya ture harsashin nan taƙi guda a meta 300, watau daga huhu zuwa tumbi. A cikin duwatsu kuma iskar da ke inda maharbi yake kwance ba lalle ta zama ita ce ke tsakiyar kwazazzabo ba. Yau akwai na'urar auna nisa mai aiki da hasken leza, ta kuma kawar da rabin matsala. Iska kuwa har yanzu da ido da ƙwarewa ake karanta ta.

Akwai abu na uku da ke ruɗa har tsofaffin hannu, shi ne gangara. Hankali yana ba mutum cewa in zai harba sama sai ya ɗaga, in ƙasa ya sauke. Ba haka ba ne. Ko sama ko ƙasa, harsashi yakan bugi bisa da inda aka saba, domin saukarsa tana bin nisan da ke shimfiɗe ne, ba tsawon gangaren ba. Ragon da ke meta 300 a kan gangare mai digiri 30, a lissafin harsashi yana meta 260. In gangaren ya kai digiri 45, meta 212 ke nan. A tsaunukan Pamir na Tajikistan, inda ake farautar argali a sama da meta 4,000, iska ba ta da kauri, kashi biyu cikin uku ne na wadda ke bakin teku, don haka harsashi ba ya rage gudu da wuri, saitin da aka yi a gida ya tashi daga aiki. Ƙololuwar Bagzan, wadda ta fi ko'ina tsawo a Nijar, meta 2,022 ce.

Ma'anar lambobin

Abin da ake kira « calibre » awon faɗin bututun bindiga ne daga ciki. Turawan Jamus suna rubuta lamba biyu: 7×64 na nufin faɗi milimeta 7, tsawon kwanso milimeta 64. Lamba ta biyu ita ce ke nuna yawan albarushin da kwanson ke ɗauka, watau gudu. Amurkawa da Ingilishi suna awo da inci, kuma ba su da tsari ɗaya: .270 kusan milimeta 7 ne, .30-06 kuwa milimeta 7.62 ne haɗe da shekarar da sojan Amurka suka karɓe shi, 1906.

A Amurka sunan mutum ɗaya ya manne wa wannan gardama. Jack O'Connor, marubucin mujallar Outdoor Life wanda ya rasu a 1978, ya yi shekaru fiye da talatin yana yabon .270 Winchester, harsashin da ya fito a 1925. Ƙwayarsa giram 8.4 ce, tana fita da gudun meta 930 a daƙiƙa. Hujjarsa ba ta tsufa ba: harsashin yana tafiya kusan a miƙe har meta 300, dukan da bindigar ke yi wa kafaɗa bai kai ya tsorata mutum ba, kuma ana iya ƙera ta da sauƙin nauyi. Matarsa Eleanor ta yi farautarta mafi yawa da wanda bai kai shi ƙarfi ba, tsohon 7×57 na Mauser, ɗan shekarun 1890, kuma ba a ji dabbobin sun ƙi faɗuwa ba.

A Turai 7×64 ne ya riƙe wannan matsayi. Wilhelm Brenneke ya ƙirƙiro shi a 1917, ƙwayarsa ta ɗan fi nauyi, giram 9 zuwa 11, amma a fagen aiki shi da .270 ɗanjuma ne da ɗanjummai. Yaɗuwarsa a Faransa tana da dalili na doka: har zuwa watan Satumba na 2013, harsasan da soja suka taɓa amfani da su, irin su .30-06 da .308 da 7×57, ana lissafa su cikin makaman yaƙi, maharbi ba ya samun su cikin sauƙi, sai ya koma ga 7×64. Sau da yawa abin da ake ɗauka hikimar maharba ce, in an bincika, takardar gwamnati ce. Misalin da ya fi kowane shi ne jihar Grizon ta ƙasar Suwis, inda doka ta daɗe da wajabta bakin da bai gaza milimeta 10.2 ba, har ga ƙaramar shamwa, alhali maƙwabtansu na Otirish suna kayar da ita da milimeta 6.5. Dokar Faransa ta 1986 ta nemi harsashi ya riƙe ƙarfin jul 1,000 a meta 100 ga dabbobi masu kofato. Ta Jamus ta nemi milimeta 6.5 da jul 2,000 ga manyansu. Ƙwayar .270 tana barin baki da jul 3,600.

Daga baya aka shiga zamanin manyan kwansaye, waɗanda ake kira magnum: 7 mm Remington Magnum a 1962, .300 Winchester Magnum a 1963. Sun fi gudu, sun fi jure iska, ba wanda ya musa. Amma kowane ƙarin albarushi kafaɗa ce ke biyansa. Dukan .300 ya fi na .270 da rabi ko fiye, kuma bindigar da za a hau dutse da ita ana son kada ta wuce kilo uku da rabi ko huɗu har da madubin hangen nesa. Gwargwadon sauƙinta, gwargwadon zafin dukanta. Mutumin da bindigarsa ta saba marinsa yakan runtse ido ya fizgi kunama kafin harsashi ya fita, ba tare da ya sani ba, kuma kuskuren da bai kai faɗin yatsa ba a bakin bindiga ya zama kamu biyu ko fiye a can inda ragon yake. Masu rakiyar baƙi a duwatsu sun fi tsoron mai sabuwar babbar bindiga bisa ga mai tsohuwar ƙarama da ya san halinta.

Shi ya sa a wannan ƙarni guguwar ta juyo. Kamfanin Hornady ya fito da 6.5 Creedmoor a 2007, harsashi mai matsakaicin gudu, meta 820 a daƙiƙa, amma ƙwayarsa doguwa ce siririya, giram 9, tana ratsa iska kamar allura. Ƴan kasuwa sun tallata shi kamar sabon abu, alhali mutanen Suwed da Norwej suna amfani da ɗan'uwansa 6.5×55 tun 1894.

In aka tace maganar, duk abin da ke tsakanin milimeta 6.5 da 7.62 a kwanso matsakaici ya isa ga kowane rago da bunsurun dutse. Magnum yana da hujja a wuri biyu: filayen Pamir, inda argali ba ya bari a kusance shi, da Alaska, inda mai neman rago kan yi kiciɓis da beyar da ta fi shi yunwa.

Ƙwayar ita ce ke aiki

Maharba sun fi son gardamar baki domin ita ce ke rubuce a jikin bindiga, amma abin da ke taɓa dabba ƙwayar harsashi ce, kuma ƙwayoyi masu awo ɗaya suna iya yin aiki daban ƙwarai.

Ƙwayar farauta ta gargajiya dalma ce a cikin rigar jan ƙarfe, an bar kanta a buɗe. In ta bugi nama sai kan ya baje kamar laima, faɗinta ya kusa ninkawa, ta yaga huhu. Matsalarta ita ce tana da iyaka ta gefe biyu. In ta yi laushi da yawa kuma ta bugi ƙashin kafaɗa daga kusa, da cikakken gudu, sai ta tarwatse a waje, ta bar mummunan rauni wanda bai kai ciki ba. In ta yi tauri da yawa kuma ta iso daga nesa, gudu ya ragu, sai ta ƙi buɗewa, ta huda ta fita kamar basilla. Maharbin dutse bai san ko a meta 60 zai gamu da ragonsa ko a 350 ba, saboda haka yana bukatar ƙwayar da za ta yi aiki a duka biyun.

Wanda ya fara warware wannan wani Ba'amurke ne, John Nosler. A 1946, a yammacin Kanada, ya harbi wani ƙaton naman daji wanda laka ta bushe masa a kafaɗa, ya ga harsasansa suna fashewa ba su shiga ba. A 1948 ya fara sayar da ƙwaya mai ɗaki biyu, da bango na jan ƙarfe a tsakani: ɗakin gaba mai laushi ya baje nan da nan, na baya ya tsaya cur ya ci gaba da kutsawa. Har yau da ita ake gwada sauran. Bayanta aka samo dabarar liƙe dalma da rigarta don kada su rabu, aka kuma ɗora wa wasu ɗan tsinin roba wanda ke rage jan iska, ya kuma taimaka wajen buɗewa.

A 1989 kamfanin Barnes ya fitar da ƙwaya ta jan ƙarfe zalla, babu dalma ko kaɗan. Kanta yana tsagewa gida huɗu, ba ta rasa nauyinta, tana ratsa ƙashi. Sharaɗinta gudu: in ya ragu ƙwarai ba ta buɗewa sosai, don haka masu amfani da ita sukan zaɓi marar nauyi, su kuma rage nisan harbi. Abin da ya ɗaukaka ta bai tsaya ga farauta ba. Ƙwayar dalma tana barin ɓarɓashi a cikin nama da kayan ciki, ungulaye da mikiya su ci abin da maharbi ya bari a dutse, gubar ta kashe su. Jihar Kaliforniya ta hana farauta da dalma baki ɗaya daga Yulin 2019. Iyalin da ke cin naman su ma ba su tsira daga ɓarɓashin ba.

Tumakin daji ba su da taurin rai sosai. Ƙwaya mai saurin buɗewa ta ishe su. Awaki sun fi su jimiri, kuma ragon dutse irin na Abzin, duk da sunansa, a wannan fanni halin awaki gare shi: fata mai kauri, gaba mai nauyi, ga ƙura da yake birgima a ciki. Waɗanda suka san shi suna zaɓar milimeta 7 da ƙwaya mai riƙe jikinta. Suna kuma gargaɗi a kan gezar nan tasa, wadda ke sa ƙirjin ya yi kamar ya fi yadda yake zurfi, mai harbi ya auna ƙasa da inda ya kamata, ya aske gashi kawai ko ya karya ƙafa.

A nan ne aibin bindigogin Sahel ya fito fili. Mai baki 12 an yi ta ne domin zabi da zomo. Ƙwayoyinta suna watsewa, bayan meta 40 ko 50 sai dai su raunata. Kalashnikof kuwa ƙwayarta giram 8 ce, kusan nauyi ɗaya da ta .270, amma gudunta meta 715 ne, saukarta a meta 300 ta kusa ninka ta wancan. Mafi muni, ƙwayar soja a rufe take ruf da ƙarfe, domin yarjejeniyar birnin La Haye ta 1899 ta hana amfani da harsashi mai bajewa a yaƙi. Tana huda ta wuce. Dabbar da aka yi wa ruwan irin wannan harsashi takan gudu da rami a ciki, ta mutu inda ba mai ganinta. Wanda ya sauko da rago ɗaya ta wannan hanya, Allah kaɗai ya san nawa ya bari a bisa. Dalili ke nan da ya sa dokar Faransa ba ta yarda a yi farauta da bindiga mai tsagi a bututu ba sai da ƙwaya mai bajewa.

Daga Abzin zuwa Teksas

Abin mamaki, inda aka fi harbin ragon dutse a yau ba Afirka ba ne. A 1957 da 1958 hukumar namun daji ta jihar Teksas ta saki ƴan kaɗan a kwazazzabon Palo Duro. Sipaniya ta yi haka a duwatsun Sierra Espuña a 1970. A Teksas sun hayayyafa sun kai dubun-dubata, har masana na kuka da su, domin suna ƙwace wa ragon ƙasar abinci da ruwa, suna kuma ɗauke da cutar huhu da ke kashe shi. Doka a can ba ta sa musu lokaci ko adadi ba, masu gonaki suna karɓar kuɗi daga baƙin da ke zuwa harbinsu. Yawancin abin da aka sani game da harsashin da ya dace da wannan dabba daga can ya fito.

A gidansa na asali kuwa labarin ya sha bamban. Buzaye sun daɗe suna farautarsa da karnuka da tarko, kuma wannan bai ƙare shi ba. Abin da ya canja shi ne mota da bindigar yaƙi: tawayen 1990 zuwa 1995, na 2007 zuwa 2009, makaman da suka malalo bayan faɗuwar gwamnatin Libiya a 2011, sa'an nan dubban masu haƙar zinariya da suka cika Jado da arewacin Abzin daga 2014, kowa da cikinsa. Gandun Abzin da Tenere, wanda aka kafa a 1988 mai faɗin murabba'in kilometa 77,360, ya shiga jerin kayan gadon duniya na UNESCO a 1991, shekara guda bayan haka aka sa shi cikin waɗanda ke cikin haɗari. An kafa gandun Termit da Tin-Tumma a 2012. Doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ce ta tsara farauta da kare namun daji, ragon dutse yana cikin waɗanda take karewa, kuma ɗan kasuwa ko ma'aikacin da aka yi wa tayin kilishinsa ko ƙahonsa a Agadas ya san abin da ake miƙo masa.

Pakistan ta taɓa tsayawa inda Nijar take. Markor ya kusa ƙarewa, sai aka gwada wata hanya: a 1997 yarjejeniyar CITES ta amince a fitar da ƙahon tsofaffin maza 6 a shekara, a 2002 aka mai da su 12, kashi 80 cikin ɗari na kuɗin izini yana komawa ga ƙauyukan da ke gadin dutsen. A 2019 wani Ba'amurke ya biya dala 110,000 domin bunsuru guda, dalar Amurka ba ta kasuwar Maraɗi ba, fiye da sefa miliyan 60. Akwai masu ƙyamar tsarin, suna cewa rai ba abin gwanjo ba ne, kuma ba ko'ina kuɗin ke isa hannun talaka ba. Amma mutanen da dā suke harbin markor domin tukunya su ne suka koma masu tsaronsa, kuma a 2015 ƙungiyar UICN ta sauke shi daga jerin dabbobin da ke gab da ɓacewa. Ragon dutse yana nan a jerinta na masu rauni.